Shakkar Ɗalibin Likitanci Game da Rigakafi a Lokacin Annoba

Tambayar ko ya dace mai koyon aikin likita ya yi ɗari-ɗari da allurar rigakafi ta taso da ƙarfi tun daga ranar 2 ga Maris 2021, lokacin da kason farko na rigakafin korona na kamfanin AstraZeneca, kusan miliyan 4, ya sauka Abuja, aka kuma sanya ma'aikatan lafiya a sahun gaba. Tambayar ta shafi duk ɗalibin da ke bin malamansa zagayen marasa lafiya a asibitocin Birnin Kebbi da Argungu, domin shi ne ke sunkuyawa dab da numfashin majinyaci yana auna masa hawan jini, sannan da yamma ya koma gidan da tsofaffi ke zaune.

Ba adalci ba ne a kira wannan shakka jahilci, domin tana da tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara 11 daga cikin 200 da aka sa a gwajin suka rasu, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya sa Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, har sai da aka kawo wanda aka sarrafa a Indunusiya a 2004. A Disamba 2021 kuma hukuma ta lalata allurar korona sama da miliyan 1, waɗanda aka ba Nijeriya kyauta wa'adinsu na dab da ƙarewa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma dole ya ja da baya.

Hujjar ƙaddara kuwa ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Tawakkali, wato dogaro ga Allah bayan an yi riƙo da sababi, shi ne abin da Sayyidina Umar ya aikata sa'ad da ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, yana mai ganin juyawar ita ma ƙaddara ce. Malaman wannan ƙasa ma a kan haka suka tafi, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, Shehu Abdullahi na Gwandu kuma ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafinsa Masalihul Insan.

Inda lamarin ɗalibi ya bambanta da na sauran jama'a shi ne wajen amana, wato abin da aka damƙa wa mutum bisa yarda. Tun bai gama karatu ba ake kiransa likita a unguwa, kuma idan mahaifiyarsa ta tambaye shi ko ta je a yi mata allurar, ɗan jim ɗin da ya yi kafin ya amsa ya isa ya zama fatawa ga gida guda. Manomin fadama da ya yi shakka yana da uzuri, tunda ba shi da hanyar tantancewa, amma ɗalibin da aka koya wa yadda garkuwar jiki ke gane ƙwayar cuta, da yadda ake auna illar magani a kan amfaninsa, wajibi ne ya bi shakkarsa har ƙarshe, ya karanta sakamakon gwaji, ya tambayi malamansa, maimakon ya ajiye ta inda saƙon WhatsApp ya bar ta. Tabon lambar da ke dantsensa tun yana jariri shaida ce cewa wasu sun taɓa yanke masa irin wannan hukunci.

Argungu ta ga yadda ake warware shakka da haƙuri. Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Samaila Muhammad Mera, ya kasance cikin jagororin kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, wanda ya ɗora aikin rigakafin shan inna a kan hakimai da dagatai da masu unguwanni, suna shiga gida-gida suna sauraron masu ƙi, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a ranar 25 ga Agusta 2020, ana tsakiyar korona.