Wa'azi Ga Mutumin Da Awartaki Ke Bakinsa

In likita ya taso daga ƙasarsa, ya biya kuɗin jirgi daga aljihunsa, ya zo ya cire wa talaka haƙori kyauta saboda sunan Almasihu, shin daidai ne ya sa talakan nan ya saurari wa'azi kafin a taɓa bakinsa? Wannan tambaya ta daɗe tana kai da kawo a tsakanin ma'aikatan ikkilisiya, amma ba mu cika son faɗinta a fili ba, domin muna jin nauyin baƙin da suka zo taimako. To, nauyin baƙo ba zai hana mu auna abin da muke yi da sunan Ubangiji ba.

Sai mu fara duba su wane ne ke bin layin. A Adjamé da Treichville, cikin birnin Abidjan, akwai Hausawa masu yawa daga Nijar da Najeriya: masu tsire, masu sayar da garba, masu gyaran takalma, fataken goro, da masu sauke albasar Galmi. Kusan dukansu Musulmi ne. Ciwon haƙori kuwa irin ciwon nan ne da mai neman abinci yake ɗagawa sai gobe, tunda ba ya kwantar da mutum a rana ɗaya. Babban asibitin Treichville yana nan, amma akwai kuɗin kati, da kuɗin magani, da wunin da za a rasa ba ciniki. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, maganin da ake kawowa daga waje ya yi wa talaka nisa. Saboda haka sai a tusa kanumfari a kogon haƙori, ko a sayi ƙwaya a kasuwar Roxy ta Adjamé, a yi ta haƙuri har kunci ya kumbura. Ran da aka ji cewa likitocin mishan sun kafa rumfa a harabar wata majami'a, mutumin da bai taɓa taka ƙofar majami'a ba zai yi sammako. Abin da ya kawo shi, kwana uku ne da ya yi bai runtsa ba.

Haɗa magani da bishara ba sabon abu ba ne. George Mackay, ɗan Kanada da ya fara aiki a arewacin tsibirin Taiwan a 1872, ya ƙidaya haƙora fiye da 21,000 da ya cire, yana cirewa yana wa'azi. A ƙasar Hausa, Likita Miller ya iso a 1900, ya zauna Zariya, daga bisani aikin mishan ɗinsu ya koma Wusasa. A zamanin da Turawan mulki suka taƙaita wa'azi a ƙasashen sarakuna, magani ne ya buɗe ƙofa: a ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa mishan ta SIM gidajen kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi kuma a 1950. Kiristocin Hausawa da dama, in aka bi salsalarsu, za a tarar kakansu ya fara jin sunan Yesu ne a hannun wanda yake wanke masa gyambo. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin jifan masu wannan hidima ba, ni ma ba jifansu nake yi ba.

Amma kujerar likitan haƙori tana da wani hali nata dabam. Mutum yana kishingiɗe, fitila a fuskarsa, baki a buɗe, an yi masa allurar kashe zafi har leɓensa ya yi nauyi, wani kuma yana tsaye a kansa da ƙarfe a hannu. Ba shi da ikon cewa i, ba shi da ikon cewa a'a. In aka yi masa maganar ceto a wannan hali, kunnensa yana ji, amma ba a bar masa bakin amsawa ba. Ko bayan ya sauka ma, akwai wani ɗaurin da baƙo daga Turai ko Amurka ba ya gani, wato kunya. Bahaushe ba ya musa wa wanda ya yi masa alheri yanzu yanzu. Ka tambaye shi ko ya yarda da abin da aka faɗa, zai ce madalla. Ka ce ya ɗaga hannu, zai ɗaga, da auduga a baki. Sai a rubuta shi cikin waɗanda suka tuba, a kai lissafi gida, masu ba da taimako su yi murna. Shi kuwa la'asar tana yi ya nufi masallaci, a ransa ya biya bashin da ake binsa. Mu da muke zaune a unguwa mun san haka, kuma sau da yawa mu ne muke yin tafinta.

A nan laifi biyu ne. An karɓi kuɗin magani daga mutumin da aka ce masa kyauta ne, sai dai ba da sefa aka karɓa ba. An kuma koya masa cewa bishara kaya ce da ba ta saye sai an haɗa ta da gyara.

Ubangijinmu bai yi haka ba. A cikin Luka sura 17, kutare goma ya warkar, ɗaya kaɗai ya komo yin godiya, shi ma Basamariye. Yesu ya tambayi inda sauran suke, amma bai mayar wa taran nan kuturtarsu ba, bai kuma gindaya musu sharaɗi tun farko ba. A Yahaya sura 6 kuwa, da taron da ya ciyar suka biyo shi washegari, ya gaya musu a fili cewa ƙoshi ne ya kawo su, bai lissafta su cikin almajiransa ba. In Shi bai yarda a bi Shi don gurasa ba, da wane dalili za mu so a bi Shi don haƙori?

Wani ɗan'uwa zai ce: ashe kana so likita ya ɓoye bangaskiyarsa ke nan? Sam. Wanda ƙaunar Almasihu ta taso shi daga nesa, in ya yi kamar iska ce ta kawo shi, shi ma ƙarya ya yi. A rubuta sunan ikkilisiya a bakin ƙofa, ma'aikata su yi addu'arsu da safe kowa yana gani, wanda ya tambayi dalilin zuwansu a gaya masa gaskiya. Abin da nake ƙi shi ne a sa wa'azi a kan hanyar kujera, wato a ce ba mai samun lamba sai ya zauna an gama huɗuba. A cire haƙorin tukuna, mutum ya tafi gida ya yi barci. Maganar Allah a kai masa ita a wurinsa, a bakin tukubarsa ko teburinsa, da harshensa, inda shi ne mai masauki, inda zai iya kawo tasa hujjar ko ya ce a bar zancen. Wannan kuwa ba aikin baƙon mako biyu ba ne, namu ne, kuma ya fi wuya, shi ya sa muke son rumfar likita ta ɗauke mana shi.

Akwai kuma bashin da baƙon yake bari a baya. Basamariyen nan na Luka sura 10 bai tsaya a ɗaure rauni ba: ya bar kuɗi a hannun mai masauki, ya kuma yi alkawarin komowa. Masu zuwa na ɗan lokaci yawanci cirewa suke yi, domin cike haƙori ko jinyar jijiyarsa yana son kayan aiki da zuwa fiye da sau ɗaya. Haƙorin da da an cece shi, sai a fitar da shi, kuma ba ya sake tsirowa. In ramin ya ruɓe bayan kwana huɗu, likitan yana cikin jirgi. Alhali Abidjan ba daji ba ne: jami'ar da ke Cocody tana yaye likitocin haƙori 'yan ƙasa, kuma asibitin Furotestan na Dabou yana aiki tun 1968. A Sakkwato, asibitin yara masu cutar nan da likitoci ke kira noma, mai cinye dasashi da kunci, an kafa shi a 1999, kuma likitocin fiɗa daga waje sukan zo su yi 'yan makonni su koma, amma ma'aikatan gida suna nan suna duba yaran kafin zuwansu da bayan tafiyarsu. Haka ya kamata tamu rumfar ta kasance. Kafin dattawan ikkilisiya su amsa wa baƙi su zo, su tambaye su sunan likitan gida da za a bar wa marasa lafiya, da wanda zai biya shi, a kuma rubuta wurin a takarda a ba kowane mutum tare da maganinsa.