Haƙƙin Wanda Ke Bayan Labule

Shin mawaƙin da ya ɓoye fuskarsa ya yaudari mai sauraro? Wannan tambaya ta taso ne daga wani fim na tarihi mai suna Bananaz, wanda Ceri Levy ya shirya, aka fara nuna shi a Berlin a shekarar 2008. Fim ɗin ya bi diddigin ƙungiyar Gorillaz ta Ingila daga 2000 zuwa 2006. Mawaƙi Damon Albarn da mai zane Jamie Hewlett ne suka kafa ta a 1998, amma waɗanda jama'a ke gani zane-zane ne guda huɗu: 2-D da Murdoc da Noodle da Russel. A rangadinsu na 2001, makaɗan na gaskiya suna bayan labule, hotuna kuwa suna rawa a gabansa.

A ganina, babu yaudara a nan, domin kowa ya san zane ba ya numfashi. Masu aikin su suka zaɓi ɓuya, kuma sunansu da ladar guminsu ba su salwanta ba. Ashe ke nan ɓoye fuska dabam, ɓoye haƙƙi dabam.

To, mai karatu, mu dawo gida. Gaya mashiga ce: Malanville na ƙetaren Kwara, Kamba na gabas, kuma finafinan Kano sun daɗe suna ratsa kasuwanninmu. Tun zamanin Sangaya, waƙa ita ce gishirin fim ɗin Hausa. Jaruma na motsa baki, murya kuwa ta wata ce da ta rera a ɗakin naɗa sauti. Fati Nijar, ƴar Maraɗi, ta yi sa'a sunanta ya fito fili. Sauran fa? Haka yake a kiɗan gargajiya. Babu wanda bai san Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba. Amma mutum nawa ne za su iya ambaton ƴan amshinsa ko masu kalangunsa? Labulen Gorillaz na ƙyalle ne, ana iya yaye shi. Namu na al'ada ne, shi ya sa ba mu lura da shi.

Wani zai ce ai kunya da kawaici sun hana Bahaushe yabon kansa, kuma yaron makaɗi yana cin albarkacin ubangidansa har ya gaje shi. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai kawaici ado ne ga mai yin sa da kansa. Idan wani ya ɗora maka shi, ya koma danniya. Nan ne ake cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ma'aunin dai biyu ne. Wanda ke ɓoye ya yarda? An ba shi sunansa da rabonsa? Wannan ya ƙara nauyi yanzu da kwamfuta ke iya kwaikwayon muryar mutum ba da saninsa ba.

Gyara kuwa daga ƙasa yake farawa. Malamin da ya shirya wasan kwaikwayo ya ambaci yaron da ya tsara waƙa da wanda ya buga ganga. Ƙungiyar da ta naɗi kiɗan Dendi ta rubuta sunan kowane makaɗi, ta kuma nuna musu hanyar hukumar BNDA mai kare haƙƙin mawallafa. Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin yana bayan labule.