Babu Rami a Sama

Watan Agusta ne, damina ta kankama, muka tashi daga Kano zuwa Legas da la'asar. A kujerar kusa da ni akwai wata dattijuwa, za ta Agege ganin jikar da aka haifa mata. An gama raba shayi ke nan jirgi ya soma rawa. Da fari shayin kaɗawa kawai yake yi a cikin kofi, bai zube ba. Can sai muka ji kamar an zare kujerun daga ƙarƙashinmu, hantar kowa ta kaɗa, salati ya kaure gaba da baya. Dattijuwar ta damƙe hannun rigata ta ce, "Ɗan nan, mun faɗa rami." Na duba sai na ga bel ɗinta a kwance, tun da jirgi ya daidaita a sama ta cire shi, wai yana matse mata ciki. Na ce, "Hajiya, bari in ɗaura miki." Ta ce, "In jirgin faɗuwa zai yi, wannan igiyar me za ta tsare mini?"

Na ɗaura mata, amma tambayar ta bi ni har gida, domin tambaya ce ta mai hankali. Da a ce da gaske rami ne a sama, jirgi kuma ya rufta ciki, to gaskiyarta, bel ba zai hana komai ba. Kalmar da aka gadar mata ce ta karkatar da tsoronta zuwa inda ba nan matsalar take ba.

Iska ba ta da gurbin da babu komai a ciki. A cike take kamar ruwan kogi, kuma kamar kogi tana da wurin da take gudu, da wurin da take juyi, da inda take hawa da inda take gangara. Duk wanda ya taɓa zama a bakin mahauta da tsakar rana ya ga shirwa tana kewaya tana ƙara yin sama ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Ƙasa ce ta yi zafi, iskar da ke kanta ta tashi, ta ɗauki shirwar. Inda wata iska ta hau kuwa, dole a gefenta wata na sauka. Jirgi yana ratsa waɗannan da gudun kilomita 800 ko fiye a awa ɗaya, mai hawa ta ɗaga shi, mai sauka ta danna shi, a cikin ƙiftawar ido. Wannan dannawar ce ciki yake ji kamar faɗuwa.

Shi ya sa na fi son kalmar gargada. Kowa ya san hanyar gargada, ya san mota ba ta tarwatsewa don ta bi ta, sai dai direba ya rage gudu, na kujerar baya kuma shi ya fi shan jijjiga. Haka abin yake a sama: matuƙi yana rage gudu, ya nemi izinin hawa ko sauka zuwa inda iska ta fi lafawa, kuma na wajen wutsiyar jirgi ya fi na saitin fiffike jin jiki. Mai tafiya a gargada ba ya fargabar motar za ta nutse. Abin da yake karewa shi ne kada kansa ya bugi rufi.

A samaniyarmu yawancin gargadar hadari ne ke kawo ta. Da damina iska mai laima daga Tekun Atlantika tana karo da busasshiyar iskar Sahara, gajimare ya yi ta tsiri har ya wuce tsayin da jiragen fasinja ke bi. Wannan da sauƙi ta wani ɓangaren, domin na'urar rada da ke hancin jirgi tana ganin ruwan da ke cikin gajimare, matuƙi ya kewaye shi. Mai wuyar ita ce wadda ke zuwa gari garau, babu ko ɗigon girgije, a gefen manyan igiyoyin iska masu tsananin gudu da ke can wajen kilomita 10 a sama. Rada ba ta ganin ta. Sau da yawa sai jirgin da ya riga wucewa ne zai sanar da na baya. Masu bincike a Jami'ar Reading ta Ingila sun wallafa a 2023 cewa mai tsanani daga cikin irin wannan ta ƙaru da kashi 55 cikin 100 a saman arewacin Atlantika tsakanin 1979 da 2020, suka danganta hakan da ɗumamar yanayi.

Hausa tana da hadari, tana da haɗari, lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi ta raba su a rubuce. Na biyun kuma ɗauke yake da ma'ana biyu: abin da ake gudun aukuwarsa, da abin da ya riga ya auku. In ka ce wa Bahaushe an yi haɗarin jirgin sama, tarkace yake gani da hayaƙi. A ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya kuwa, in ma'aikaciyar jirgi ta faɗi ta karya ƙafa, jirgin ya sauka lafiya lau babu ko ƙwarzane, an rubuta shi a matsayin haɗari. Da wannan ma'aunin ne hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa tsakanin 2009 da 2018 gargada ce ta haddasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na haɗurran manyan jiragen fasinjan ƙasar, kuma kusan takwas cikin kowane goma da suka ji mummunan rauni ma'aikatan cikin jirgi ne. Dalili a fili yake: su ne a tsaye.

Daren 20 ga Mayu, 2024, jirgin kamfanin Singapore Airlines ƙirar Boeing 777 ya taso daga Landan da fasinja 211 da ma'aikata 18. Washegari yana saman Miyanma, a tsayin ƙafa 37,000, ana cikin raba karin kumallo, ya shiga yankin da hadari ke haɗuwa. Matuƙi ya kunna fitilar ɗaura bel, daƙiƙa takwas kacal bayan haka abin ya auku. Jirgin ya yi ƙasa da ƙarfin da ya ɗaga duk wanda ba a ɗaure yake ba ya haɗa shi da rufi, sannan ya dawo sama ya maka su ƙasa. Wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, ana kyautata zaton bugun zuciya ne. Fiye da mutum 100 sun ji rauni, fiye da 20 a ƙashin baya. Labarin da ya fara bazuwa shi ne jirgi ya rikito ƙafa 6,000. Rahoton farko na masu bincike ya nuna saukar da ta yi ɓarnar ƙafa 178 ce, mita 54, cikin daƙiƙa 4.6. Ƙafa 6,000 ɗin matuƙan ne da kansu suka sauko da shi daga baya, da gangan, bayan sun karkata zuwa Bankok, inda ya sauka da fikafikansa biyu cif.

Ba na cewa iska ba ta taɓa karya jirgi ba. A watan Maris na 1966 ta wargaza wani Boeing 707 kusa da dutsen Fuji a Japan, mutum 124 suka rasu. Amma tun daga lokacin ƙira da hasashen yanayi sun yi nisa, har ya zama a yau jirgin ne ke fita lafiya, jikin ɗan Adam da ke yawo sakaka a cikinsa shi ke karyewa.

Abin da ke damuna shi ne dubban maniyyatanmu da ke hawa jirgi karon farko kowace shekara. A wajen bita ana koya musu ɗaura harami da kewaya ɗakin Ka'aba, kuma haka ya dace. Ina fata a ƙara minti biyar a gaya musu da Hausar da suke ji cewa fitilar bel in ta mutu, izini ne na zuwa bayan gida a dawo, ba sallama ba ce. Cewa a zaune ko ana barci a bar shi a ɗaure, ƙasa da cibiya, a kan ƙugu, inda ba zai matse ciki ba. Cewa hannun uwa, komai ƙarfin riƙonsa, ba ya iya tsare jariri a irin wannan fizgar, don haka a nemi ɗan bel ɗin jarirai wurin ma'aikata.

Kaɗan daga wannan na iya gaya wa Hajiya a ranar, muna riƙe da kofunanmu. Na sassauta mata bel ɗin na sauke shi kan ƙugu, na ce ta ɗauka muna kan hanyar ƙauye ce da ba a zuba wa kwalta ba. Ta yi shiru tana jan carbi. Da muka soma gangarowa Legas jirgin ya sake jijjiga a cikin gajimare, sai na ga ta miƙa hannu ta taɓa wata yarinya da ke ɗaya gefen hanya, ta ce, "'Yar nan, ɗaura naki, gargada ce."