Wa Ke Da Ikon Tura Ɗanka Yaƙi A Ƙasar Wani?

'Yan uwa, akwai ɗalibai da ke ganin kundin tsarin mulki kayan boko ne, malami ba ruwansa da shi. To ni dai akwai sashe ɗaya da nake so kowane mutumin Zurmi da Shinkafi da Ƙaura ya sani, domin maganar jini yake yi.

A ranar 26 ga Yuli, 2023 sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS, wadda Tinubu ke shugabanta a lokacin, ta ba su wa'adin mako ɗaya, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta. A Abuja sunan wannan siyasar waje. A Gurbin Ɓore kuwa, ai kawun wani ne da surukin wani. Mutanen Maraɗi da Tibiri su ne Katsinawa da Gobirawan da muke ciniki da auratayya da su tun kafin Bature ya ja layi.

Sashe na 5(4) na kundin 1999 ya hana shugaban ƙasa shelanta yaƙi da wata ƙasa sai majalisun tarayya biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa, kuma ya hana tura soja fagen fama a waje sai da yardar Majalisar Dattawa tukuna. Tinubu ya rubuta wa majalisar, a ranar 5 ga Agusta ta ce a bi hanyar sulhu. Daga baya malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je Yamai suka gana da Janar Tchiani. Ba zan ce sashen nan shi kaɗai ya hana yaƙin ba, amma ya sa an dakata, kuma a dakatawar ne muryar mutanen iyaka ta samu shiga.

Mai ja zai ce: juyin mulki zalunci ne, kuma Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS, ina cika alkawari? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni ba mai wanke masu juyin mulki ba ne. Sai dai alkawari yana da iyaka. Dubi Badar. Ansaru sun yi mubaya'a a Aƙaba cewa za su kare Manzon Allah (SAW) idan ya zo garinsu. Da al'amari ya zama faɗa a wajen Madina, bai ce ai kun riga kun yi mubaya'a ba. Ya yi ta neman shawara har Sa'adu ɗan Mu'azu ya gane su ake nufi, ya tashi ya amsa da yawun mutanensa. Wanda wahayi ke sauka gare shi ke nan fa! To ina ga shugaban da ƙuri'a ta kawo, wanda ɗansa ba zai riƙe bindiga ba? Sa hannun gwamnati a takardar ƙungiya ba ya zama yardar uwar sojan da za a kawo mata gawa.

Sannan ga namu ciwon. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi mutum na binta da addu'a a baki, manomi na biyan ɓarayin daji kafin ya girbe gonarsa. Sashe na 14 na kundin nan ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne aikin gwamnati na farko. Wanda gemunsa ke ci da wuta, da wane ruwa zai je kashe gobarar maƙwabci?

Amma akwai ƙofar baya, kuma ita ta fi damuna. Sashe na 5(5) ya ba shugaba dama, bayan ya tuntuɓi majalisar tsaro, ya tura soja taƙaitaccen faɗa a waje idan ya gamsu cewa tsaron ƙasa na cikin haɗari na kusa. Sai ya nemi yardar sanatoci cikin kwana 7 da fara faɗan, su kuma su amsa cikin kwana 14. Wa ke auna haɗarin? Shi da kansa. Kuma bayan an zubar da jini, sanata nawa ne zai iya miƙewa ya ce a dawo da yara?

Saboda haka idan sanatan Zamfara ta Arewa ko mai neman kujerarsa ya zo gaisuwa masallacinku, bayan maganar taki da rijiya, ku tambaye shi abin da zai ce ranar da irin wannan takarda ta sake zuwa gabansa.