Hidima Bayan Ritaya: Tasbaha ko Kwandon Ƙasa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Duk wanda ya ga tarin ƙasar ya fahimci cewa gini yana mutuwa kamar mutum. Wannan rashi ya ƙara nauyin wata tambaya da ake yi a zawiyoyi game da dattawan da suka ajiye aiki.

Ga misali, dattijo ne da ya shafe shekarunsa yana riƙe da lissafin wani kamfanin haƙar ma'adinai a Arlit. Ya yi ritaya, ya dawo gida da fanshonsa. Ƴaƴansa sun zaci zai shimfiɗa buzu, ya riƙe tasbaha har ajali. Sai ga shi yana zagaya unguwa da littafin rubutu, yana ƙirga tsagewar bangon masallaci, yana tara gudummawa, yana neman magina, yana bin takardu a ofishin magajin gari. Da rani ya kira gayyar yaɓe, da damina ya duba indararo. Shin wannan ya fita daga duniya ne, ko kuwa ofis kawai ya sauya?

Masu ganin ya yi kuskure ba su rasa hujja ba. Suna cewa furfura manzon mutuwa ce, wanda ya ba duniya ƙuruciyarsa ya kamata ya ba lahira tsufansa. Suna kuma cewa katanga ƙasa ce, ƙasa za ta koma, kuma kuɗin azara da makuba zai ciyar da marayu.

Amma magabatan tafarki ba su raba zikiri da hidima ba. Muridi yana share zawiya, yana ɗebo ruwan alwala, yana jera takalman baƙi, duk cikin tarbiyya. Annabi Ibrahim (AS) bai sami Isma'ila ba sai da ya manyanta, kuma tare da shi ya ɗaga harsashin Ka'aba. Annabi (SAW) da kansa ya ɗauki tubali a ginin masallacin Madina. Ashe tsufa ba ya sauke aiki daga kan bawa. Ilimin lissafin da dattijon nan ya tara amana ce a wuyansa. Idan kwamitin masallaci na tafiya ba rasit ba littafi, har zargi ya shiga tsakanin ƴan'uwa, shi kuwa ya iya gyarawa ya ƙi, za a tambaye shi.

Batun marayu ma yana da amsa. Kuɗin gyaran ginin ƙasa ba ya barin unguwa: mai kwaɓa ƙasa, mai amalanken jaki, mai sarar giginya da macen da ke dafa wa ƴan gayya duk suna ci a ciki. Sana'ar ma tana rayuwa. A Yaama ta jahar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962 da taimakon mutanen gari, kuma a 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda asalinta ya koma wajen 1515 aka kuma sake gina ta a 1844, ba ƙarfin ƙasa kaɗai ya riƙe ta ba. Hannaye ne ke komawa gare ta zamani bayan zamani, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Sai dai haɗarin gaske yana cikin zuciya. Wanda ya saba a miƙe masa idan ya shigo, ritaya tan karɓe masa kujera amma ba ta karɓe son kujerar. Nafsu takan cire kwat ta sa rawani, ta shigo masallaci tana neman shugabanci. Nan ne hidima ke zama riya, kuma riya a cikin aikin Allah ta fi wuyar ganewa.

Alamomin gane gaskiya uku ne. Na farko, idan tsohon magini da bai taɓa shiga lakwal ba ya ce masa, "Alhaji, wannan kwaɓin bai nuna ba, a bar shi ya kwana," zai iya cewa "To, Malam" ya yi shiru? Na biyu, idan aka gama aiki, aka yi addu'a, aka manta da sunansa, ƙirjinsa zai yi ƙunci? Na uku, shin taron kwamiti ya fara cinye lazimi da wazifa? Idan ya tsallake waɗannan, kwandon ƙasar da ke kansa bai raba shi da tasbaha ba. Idan ya faɗi a ɗaya, ya koma wurin muƙaddaminsa ya nemi gyara, kada ya watsar da aikin.

Ginin ƙasa kansa malami ne. Ba a yaɓe shi sau ɗaya a huta, kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an mayar. Haka zuciya take, shi ya sa wuridi yake safe da yamma, istigfari kuma ba shi da ranar ritaya. Annabi Ibrahim da ɗansa, suna cikin ginin ma, roƙon karɓa suke yi, domin sun san yin aiki daban, karɓarsa daban.

Matasan zawiya kuwa, kada su tsaya kallo. Dattijo yana da lissafi da haƙuri, amma ba zai hau tsani ba. Kafin hadarin bana ya taso, kowace unguwa ta duba rufin masallacinta da indararonsa.

Allah Ya karɓi hidimar dattawa, Ya tsare zukata daga riya, Ya sa a cika da imani. Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallam.