Amanar Kuɗin Taimako Wajen Binciken Magani

 

Ya inganta cikin Buhari cewa babu wata cuta da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. Amma magani ba ya zuwa ya iske mutum a kan tabarma. Sai an bincika, bincike kuwa yana cin dukiya, dukiyar kuwa sau da yawa daga aljihun masu taimako take fitowa. To idan masana ɗari suka kawo buƙatunsu, alhali kuɗin da ke hannu bai fi na mutum ashirin ba, wa za a ba, wa za a hana? Wanda aka ɗora wa wannan hukunci ya ɗauki amana, aya ta 58 ta Suratun Nisa'i kuwa ta wajabta mayar da amana ga masu ita.

Hanyar da manyan ƙungiyoyin taimako ke bi ita ce, mai neman kuɗi ya rubuta abin da yake son ganowa, da yadda zai gano shi, da abin da aikin zai ci. Sa'an nan a aika wa waɗansu masana fannin, waɗanda ba su da rabo a cikin kuɗin, su yi masa duban tsanaki. Daga nan kwamiti ya zauna ya jera ayyukan bisa ga cancanta, duk ɗan kwamitin da ke da alaƙa da mai nema kuma ya fita daga ɗakin har a gama. Ɗalibin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malamai sun daɗe da ƙin karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da ita.

Amma tsari daban, aiki da shi daban. Mu dubi abin da ya faru a Amurka game da shan inna.

A shekarar 1938 Shugaba Roosevelt, wanda shi kansa ƙafafunsa suka shanye tun 1921, ya kafa wata ƙungiya ta yaƙi da wannan cuta, wadda daga baya aka sani da March of Dimes, saboda ƙananan tsabar kuɗi da talakawa suka riƙa aikawa. Mafi yawan abin da ta tara ya tafi ne wajen jiyyar waɗanda suka kamu. Kaso kaɗan aka keɓe don bincike, kuma ko wannan kaɗan ɗin, ka sani, daga bakin majiyyacin yau aka cire shi domin yaron da ba a haifa ba tukuna. Ni dai ina ganin wannan daidai ne, domin ilmi mai amfani yana cikin abubuwa uku da hadisin Muslim ya ce ladansu ba ya yankewa da mutuwa. Sai dai ba hukunci ne mai sauƙi ba ga wanda uwar majiyyaci ke tsaye a ƙofarsa.

A ƙarshen shekarun 1940 ƙungiyar ta zaɓi wani aiki wanda ba ya jawo suna. Ta biya ɗakunan bincike na jami'o'i huɗu su tantance ko ƙwayar cutar iri nawa ce. Aikin ya ci shekaru da dubban birai, a 1951 aka tabbatar iri uku ce. Da an yi gaggawar haɗa rigakafi kafin a san haka, da an kare yaro daga iri ɗaya, sauran biyu su kama shi. Ɗaya daga cikin masu wannan aiki mai gajiyarwa shi ne Jonas Salk.

Daga nan sai sabani ya taso. Salk ya ce a yi rigakafi da matacciyar ƙwayar cuta, Albert Sabin da waɗansu manyan masana suka ce a jira mai rai wadda aka raunana. Duka biyun ƙungiyar na ba su kuɗi. Shugabanta Basil O'Connor lauya ne, ba likita ba, saboda haka ya kafa kwamitin shawara, aka yanke a gwada na Salk. Abin yabo shi ne ba a bar Salk ya zama alƙalin aikinsa ba. An danƙa auna sakamakon ga Thomas Francis na Jami'ar Michigan. Yara wajen miliyan 1.8 suka shiga gwajin a 1954, ranar 12 ga Afrilu 1955 aka bayyana cewa allurar tana aiki.

Kada kuma mu ɓoye abin baƙin ciki. Makonni kaɗan bayan haka, wani kamfani ya fitar da allurar da ƙwayoyinta ba su mutu duka ba. Kimanin mutum 200 suka shanye, 10 suka rasu. Sabin ma bai yi kuskure ba: an gwada nasa a kan miliyoyin mutane a Tarayyar Sobiyet a 1959, kuma irinsa ne ake ɗiga wa yaranmu a baki. An ga shan inna na asali na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, a 2020 aka shaida Afirka ta rabu da shi. Da ƙungiyar ta hana Sabin kuɗi don ta fifita Salk, da labarin ya zama wani.

Akwai kuma wata mas'ala da malaman wakafi suka tattauna, watau idan abin da aka yi wakafi dominsa ya gushe, ina za a kai dukiyar? Da yawansu sun ce a juya ta ga abin da ya fi kusa da nufin mai bayarwa. Wannan ƙungiya ta iske kanta a irin wannan hali bayan cutar ta ja baya a Amurka. A 1958 ta mayar da hankalinta ga nakasar da ake haifar jarirai da ita, tunda masu ba da tsabar kuɗin nan tun farko lafiyar yara suka nufa.