Dogon layi a ƙofar gidan kifi: ko jiran ya cancanta?

A birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, bisa titin Polk, akwai wani ɗan ƙaramin gidan cin abinci mai suna Swan Oyster Depot, wanda yake wurin tun shekarar 1912. Albarkatun teku ake sayarwa a cikinsa: kifi, ƙaguwa, jatan lande da kawa, wata halitta mai ɓawo da akan ci ɗanya. Kujerunsa 18 ne kacal, kuma ba a kama wa kowa wuri kafin ya iso. Saboda haka mai son ci sai ya bi layi a bakin titi, sau da yawa ya share sa'a guda a tsaye, ko fiye. Baƙon da ya ga haka yakan tambaya ko abin da ke cikin kwanon ya kai wannan jira. A zahiri tambayar ciki ce, amma a ƙarƙashinta akwai wadda ta fi ta nauyi: da wane ma'auni mutum zai san abin da ya cancanci ya ba shi wani yanki na rayuwarsa?

Masu cewa jiran ya cancanta suna da hujja. Iyali guda, na Sancimino, ke riƙe da gidan tun 1946, kuma a 2000 Gidauniyar James Beard ta karrama shi. Ruwa ba ya tsami banza: wurin da ya haura shekara ɗari jama'a suna tururuwa gare shi, da wuya a ce ruɗu ne kawai. Bugu da ƙari, layi yana da nasa adalci, domin attajiri da talaka duk bayan wanda ya riga su zuwa suke tsayawa.

Sai dai tsawon layi shaida ce mai rauni. A 1991, masanin tattalin arziki Gary Becker, wanda ya samu kyautar Nobel a 1992, ya yi nazari a kan wani gidan kifi na garin Palo Alto, a jihar Kaliforniya, inda ake yin dogon layi kullum. A tsallaken titi akwai wani mai abinci kusan iri ɗaya, amma yawancin lokaci kujerunsa a sake suke. Bayanin Becker shi ne, mutane suna son wurin da wasu suke so. Taron kansa yana cikin hajar da ake saye, shi ya sa mai gidan yake tsoron ƙara farashi, kada taron ya watse, sha'awar ta bi shi. Ke nan wani cikin masu layi ba kifi ya kawo shi ba, bin Yarima ne a sha kiɗa.

To, me zai hana a tambayi waɗanda suka ci? Nan ma akwai tarko. A 1959, masana halayyar ɗan Adam biyu, Elliot Aronson da Judson Mills, sun gwada ɗalibai mata masu neman shiga wani zauren tattaunawa. Waɗanda aka wahalar kafin a karɓe su sun fi sauran yabon tattaunawar, alhali da gangan aka shirya ta maras armashi. Zuciya ba ta son amsa cewa ta sha wuya a banza. Wanda ƙafafunsa suka yi tsami a layi, harshensa ya riga ya ɗauki ɓangare tun kafin lomar farko.

Hausawa suna girmama haƙuri, har suna cewa mahaƙurci mawadaci. Amma haƙurin da ake yabo shi ne na manomi mai jiran ruwan shuka, ko na mai jinya a ƙofar likita, wato jiran abin da mutum ba shi da ikon gaggauta shi. Jiran da mutum ya zaɓa don marmari ciniki ne, wanda ake biya da lokaci maimakon kuɗi. Kuɗi kan tafi su dawo, sa'a ba ta dawowa. A nan ne ma adalcin layi yake gazawa, domin ɗan yawon buɗe ido yana da yini sukutum, ma'aikaci kuwa ɗan hutun rana gare shi.

Wannan bai sa jiran ya zama wauta ba. Wanda ya san kifi, ya san abin da yake nema, ko ya tsaya da amininsa suna hirar da suka daɗe ba su yi ba, bai yi hasara ba. Ma'aunin da ya rage shi ne mutum ya tambayi kansa tsakani da Allah: da a ce babu kowa a ƙofar, kuma babu wanda zai ji labarin zuwansa, zai zo? In zai zo, kuma sa'ar da zai kashe ba hakkin iyalinsa ko na aikinsa ba ce, to jiransa ya cancanta. In ba zai zo ba, gara ya tsallaka titi ya zauna inda kujera take jiran sa.